Na rantse da kunnena na ji, ashe ranar ina Daura

Assalamu alaikum Malama. Ni malamar firamare ce a cikin birnin Katsina, shekaruna 36, ina da aure da 'ya'ya huɗu. Bara bayan ƙaramar salla Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, bayan jinyar mako uku a asibiti. Mu huɗu ta bari: Yaya Babba, da Yaya Ƙarami, da ni, da Autarmu da ake shirin aurenta. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa.

Watan jiya aka zauna rabon gado, aka fito da sarƙar gwal da 'yan kunnen da Hajiya ta sayo a Makka. Na ce kada a sa su a lissafi, domin ranar Alhamis ɗin ƙarshe a asibiti ta kama hannuna ta ce, "A ba Auta ta shiga ɗaki da su." Yaya Babba ya ce, kin tabbata? Na ce wallahi da kunnena na ji. Malama, har yanzu in na rufe ido ina ganin abin: zanen atamfarta mai ruwan ƙasa, da ledar ƙarin ruwa, da fulas ɗin kunu a kan loka.

Bayan kwana biyu sai Yaya Babba ya turo wani saƙon murya a guruf ɗinmu na WhatsApp, wanda ni da kaina na aika masa a wannan Alhamis ɗin. Ashe ina Daura wajen sunan ƙanwar mijina, har ana jin guɗa a bayana, ina tambayarsa ya jikin Hajiya. Sai Juma'a na dawo, na tarar ta daina magana, ta cika da asubahin Asabar. Inna, ƙanwar Hajiya, ta ce ita ce a wurin, ita aka kama wa hannu, kuma ita ta ba ni labarin a daren uku muna kwance ɗaki ɗaya.

Yanzu Yaya ya ce ni maƙaryaciya ce, haɗa baki muka yi da Auta. Ya daina ɗaga wayata. Auta kuka kawai take yi, ta ce ta haƙura da sarƙar. Wata ƙawata ta ce ko shafar aljanu ce, mijina ya ce in yi kaffara in huta. Ni kuma tsoro ya kama ni. In har zan iya ganin abin da ban gani ba, me kuma zan yarda da shi a kaina? Ko taɓuwa na fara yi? Ya zan yi da rantsuwar, ya zan yi da Yaya?

Ɗiyarki daga Ƙofar Marusa

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi, ya ba ku haƙurin rashinta.

Bari in fara da abin da ke hana ki barci. Ba ki taɓu ba. Ƙarya ma ba ki yi ba, domin maƙaryaci ya san gaskiya yake kauce mata, ke kuwa abin da ke cikin kanki kika faɗa. Amma fa kin yi kuskure, kuskuren ya faɗo a wurin da ake maganar haƙƙin mutane, kuma kin ɗaure shi da sunan Allah. Ina so ki riƙe maganganun nan biyu tare. In kika ɗauki ta farko kaɗai, za ki naɗe hannu kina jiran Yaya ya zo ya ba ki haƙuri. In kika ɗauki ta biyu kaɗai, za ki cinye kanki da zargi a kan abin da ke samun kowane mai rai.

Ke da kika yi Islamiyya kin san hadisi yana da matani, wato maganar kanta, yana da isnadi, wato wane daga wane daga wane. To duk abin da muke tunawa haka yake. Akwai labarin, akwai kuma ƙofar da ya shigo: da ido aka gani, a bakin wani aka ji, a waya aka karanta, a mafarki ya zo, ko zuciya ce ta saƙa shi. Ƙwaƙwalwa tana damƙe matani da ƙarfi, isnadi kuwa sako-sako take riƙe shi, shi ke fara sulluɓewa. Shi ya sa za ki ji mutum ya ce, "Na ji an ce taki zai sauko bana, amma na manta wa ya faɗa min." Wannan da sauƙi, ya san ya manta. Mai wuyar ita ce in isnadin ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta laƙa wani a gurbinsa, ba ta ko sanar da mai ita ba.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Marcia Johnson, ta kwashe shekaru a kan wannan, kuma a 1993 ita da abokan aikinta biyu suka fitar da bayanin da ake dogara da shi har yau. Abin da muka ajiye a ka, in ji su, ba ya zuwa da rubutu a jikinsa irin wanda ake yi wa buhun gero kafin a ɗora shi a mota. Sai lokacin tunawa ƙwaƙwalwa ke kintatar inda ya fito. In hoton ya zo da launi da sauti da wari da wurinsa, ta yanke cewa gani aka yi. In ya zo dishi-dishi, ta ce ji aka yi ko zato ne. Yawanci kintacen yakan dace, shi ya sa ba ma lura ana yin sa.

Yanzu dubi naki. Mako uku kina zirga-zirga a ɗakin nan. Zanen atamfar kin wanke shi kin shanya ba sau ɗaya ba. Ledar ruwan kin zauna kina kallon ɗigonta, kina jira ta kusa ƙarewa ki kira nas. Fulas ɗin wataƙila ma daga kicin ɗinki ya fito. Hannun Hajiya kuwa kin san nauyinsa, kin san sanyinsa. Waɗannan duk naki ne, ba aro kika yi ba. Sai daren uku ya zo. An yi sadaka, jama'a sun watse, kwana uku ba barcin kirki, idanu sun kumbura, ga ki kwance kusa da Inna cikin duhu, muryarta kuma, in dai irin ta ciki ɗaya ce, tana ɗibar kama da ta yayarta. Ta ce, "Ta kama hannuna ta ce a ba Auta." Ba mai jin labarin uwarsa bai hango ta a zuci ba. Da me za ki gina hoton? Da zanen, da ledar, da fulas ɗin da kika sani. Tun daga ranar, duk sanda abin ya faɗo miki hoton ne ke zuwa, daren da muryar Inna suna ja da baya. Shekara guda kina komawa kansa, kowace komawa tana ƙara masa kauri, har hannun Inna ya koma naki.

Akwai abin da ba ki rubuta ba, zan taɓa shi a hankali, in na yi kuskure ki yafe ni. Alhamis ɗin nan ita ce ranar ƙarshe da Hajiya ta yi magana, ke kuma kina Daura ana guɗa. Ba laifi kika yi ba. Hidimar dangin miji ce, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, kuma ba wanda ake aiko wa takardar ajali. Ƙila ma ita ce ta ce ki je. Amma zuciyar ɗiya ba ta jin wannan lissafin. Ina jin ta daɗe tana neman hanyar mayar da ke ɗakin, da ta samu ƙofa a labarin Inna sai ta shige abinta. Saƙon da Yaya ya turo bai tsaya ga ƙaryata ki ba, ya tafi da sallamar da kike zaton kun yi da mahaifiyarki. Wannan ma rashi ne, kuma in kuka ya zo miki a kansa kada ki danne.

Don kada ki ga kamar lallashi nake, ga waɗanda abin ya samu kafin ke. Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda duk mai takardar koyarwa ya ci karo da sunansa a darasin girman yara, ya rubuta cewa ya taso yana tuna ranar da wani mutum ya so sace shi yana cikin keken jarirai a babban birnin Faransa. Yana ganin mai renonsa ta tare mutumin, yana ganin yaƙushin da aka yi mata a fuska, har da ɗan sandan da ya iso da farin kulki. Yana da shekara wajen 15 matar ta aiko wa iyayensa wasiƙa ta ce ƙirƙirar labarin ta yi, ta mayar da agogon da aka ba ta tukuici. Ba a taɓa yunƙurin sace shi ba. Labarin ya ji ana bayarwa a gida yana yaro, ƙwaƙwalwarsa ta mayar da shi gani.

A 1974 kuma Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai 150 fim ɗin haɗarin mota. Hamsin aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "ragargaji" juna, hamsin lokacin da suka "bugi" juna, hamsin ba a tambaye su ba. Bayan mako guda aka ce, kun ga fasasshen gilashi? A cikin waɗanda suka ji kalmar ragargaza 16 suka ce sun gani, a cikin waɗanda suka ji bugu 7 ne kawai. Fim ɗin kuwa babu fasasshen gilashi ko ɗaya a ciki. Kalma ɗaya ce daga bakin mai tambaya ta shiga, ta zauna kamar abin da ido ya gani. Waɗannan yara ne masu ƙoshin lafiya, ba makoki suke ba, ba rashin barci.

Ni kaina na fi shekara talatin ina ba 'ya'yana labarin wani hawan salla a zamanin Sarki Usman Nagogo, ina kan wuyan mahaifina a Ƙofar Soro, wani doki ya ƙwace ya yo kanmu, takalmina ɗaya ya faɗi ba a gan shi ba. Har ƙurar nake ji a maƙogwaro in ina faɗa. Ran nan wana ya ji ni ya tuntsire da dariya, ya ce shi ne a wuyan Baba, takalminsa ne. Muka yi ta musu kamar yara, da furfurarmu. Tsohuwarmu tana da rai lokacin, ta ce, "Ke a shekarar nan kina ciki." Har gobe ina ganin dokin, fari ne. Na faɗa miki wannan ne don ki sani hoton ba zai goge ba don kawai gaskiya ta fito. Zai ci gaba da zuwa, ke dai kin riga kin san daga ina ya zo.

Magabatanmu ma sun san da wannan tun kafin a haifi masu binciken Turai. Malaman hadisi ba su haɗa mai ƙarya da mai ruɗewa a kwando ɗaya ba, har suna da lafazin da suke yi wa mutum: mai gaskiya ne, amma yakan yi wahami, wato yakan ruɗe. Suhailu ɗan Abu Salih, mutumin Madina, ya karantar da Rabi'a, malamin Imamu Malik, wani hadisi daga mahaifinsa daga Abu Huraira. Daga baya aka tuna masa, ya ce bai tuna ba. Bai yi fushi ba, bai kuma yi da'awar abin da ba ya riƙe da shi ba. Sai ya koma yana cewa, Rabi'a ya ba ni labari, kuma amintacce ne a wurina, cewa ni na ba shi labari daga mahaifina. Masu tarihin maruwaita sun ambaci cewa ɗan'uwansa ne ya rasu, baƙin ciki ya tafi da wani sashe na haddarsa. Ki lura da abin da ya yi: ya gyara isnadin a gaban jama'a, darajarsa kuma ba ta faɗi ba, Imamu Malik da Imamu Muslim sun karɓi ruwayarsa.

Maganar aljanu, ƙawarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ban ga abin da ke buƙatar wannan fassarar a wasiƙarki ba. Ki ci gaba da azkar ɗinki na safe da yamma, wannan kullum alheri ne, sai dai kada ki fara yawon gidajen masu magani a kwashe miki albashi. Abin da zai sa in ce ki ga likita daban ne: in kin ga kina maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a yini, ko kina ɓata a hanyar da kika saba bi, ko darasin da kika shekara goma kina koyarwa ya fara kufce miki a gaban allo, ko kina jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Haka in barci da abinci sun ƙi dawowa, baƙin cikin ya hana ki aiki har yanzu. In akwai ɗaya daga ciki, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ki faɗi komai ba kunya. In babu, abu ɗaya da ya rikice a makon mutuwar uwa ba ciwo ba ne.

Rantsuwa kuma. Ki ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid, na san ba za a rasa ta a gidanku ko maƙwabta ba, ki duba babin rantsuwa. Ya ambaci rantsuwar lagawu, ya ce ita ce mutum ya rantse a kan abu yana da yaƙinin haka yake, daga baya ya bayyana ba haka ba ne, kuma ya ce babu kaffara a kansa, babu zunubi. Kamar don ke aka rubuta. Wadda ake tsoro ita ce gamusa, ta mai rantsuwa da gangan a kan ƙarya, wadda kaffara ma ba ta wanke ta sai tuba. Ki kai wa malamin da kika amince da shi maganar yadda take, ya tabbatar miki, mijinki ma ya ji. Sai dai ki kula: sassaucin nan na ranar da kika rantse ne, lokacin ba ki sani ba. Yau kin sani. In kika sake cewa "da kunnena na ji" don kare mutunci, hukuncin ya sauya.

Yanzu mu zo kan Yaya, kuma ki daure ki tsaya a inda yake tsaye. Babban wa magajin uba. Shi zai amsa tambaya in aka zalunci wani a rabon nan. Ya tambaye ki kin tabbata, kika ce wallahi, sai ga muryarki a wayarsa daga Daura. Mutumin da bai taɓa jin labarin irin wannan ruɗewa ba, wace fassara zai yi in ba ƙarya ba? Ga aure na matsowa, ga gwal ya yi tsada, ga ku mata biyu bakinku ɗaya. Zatonsa kuskure ne, amma ba daga sama ya faɗo ba. Inda na ga laifinsa shi ne tura saƙon a guruf maimakon ya kira ki gefe, da kuma jefa Auta cikin zargin da ba shi da hujja a kansa, da ƙaurace miki fiye da kwana ukun da shari'a ta yarda. Wannan nasa ne, amma ba ke za ki karanta masa ba, kuma ba yanzu ba. Shi ma fa uwa ya rasa. Ina zargin akwai ɗan zafi a ransa cewa shi da yake ta ɗawainiyar asibiti ba a bar masa wata kalma ba.

Ga abin da zai ba ki mamaki: ko da ke ce a ɗakin, ko da mutum goma ne suka ji, maganar Hajiya ba za ta fitar da sarƙar daga gado ita kaɗai ba. Auta magajiya ce, kuma hadisi ya tabbata cewa babu wasiyya ga magaji. Sai in sauran magada sun amince, a lokacin kuma kyauta ce daga gare su. Da a ce Hajiya ta ba ta tun tana da lafiya, Auta ta karɓa ta ajiye a akwatinta, da wani zance ne daban. Abin da aka faɗa a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya yake ɗauka. Ke nan kun yi wata guda kuna faɗa a kan wa ya ji, alhali ko an ji ɗin, hukuncin na hannun ku huɗu. Wannan ma ki tabbatar wajen malamin da ya zauna muku rabon, ko alƙali, amma ina ganin zai sauke wa Yaya rabin fushinsa, domin zai gane ba wanda ya isa ya ƙwace masa komai da rantsuwa.

Wannan bai sa maganar Hajiya ta zama banza ba. Buri ne na uwa, kuma 'ya'yan kirki sukan so cika shi. Shaidarsa ɗaya ce, Inna, wadda ba ta da kaso a dukiyar tunda akwai 'ya'ya maza, don haka ba ta da abin da za ta ci. Amma in yi miki adalci, ita ma mutum ce, ita ma ta yi makoki, ita ma shekara ta wuce mata. Kada ki tashi daga "da kunnena na ji" ki koma rantsuwa a kan kunnen Inna. Iyakar abin da kike da shi shi ne "Inna ta ce min," kuma ya isa.

To ga abin da nake so ki yi. Cikin makon nan ki shirya ki je gidan Yaya da ƙafarki, kada ki yi ta waya. In kina tsoron ya ƙi fitowa, ki roƙi Kawu ko wani dattijon da yake jin nauyinsa ya raka ki. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki ce masa: "Yaya, na zo in gyara maganata. Ban kasance a ɗakin ba, kai ne da gaskiya. A bakin Inna na ji, ya zauna min a kai har na ɗauka ni na ji. Ban yi da nufin cutar kowa ba, Auta kuma ba ta san komai ba. Ka yafe min." Ki tsaya nan. Kada ki ɗora da "amma kai ma," kada ki kawo masa labarin Piaget, ranar ba ta lacca ba ce. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wa. Bayan nan ki rubuta gajeren gyara a guruf ɗin, tunda a gaban kowa kika faɗa, a gaban kowa ya kamata ki janye, kuma ki wanke sunan Auta a fili. Yarinyar nan tana shirin shiga gidan mutane, bai kamata ta tafi da tambarin haɗa baki ba, ko ta riƙa ganin ita ta raba kan gidanku.

Zancen sarƙa ki bar shi sai ƙura ta lafa, sannan a sa Inna ta faɗi abin da ta ji da bakinta a gaban ku huɗu. In iyayen Hajiya ba su da rai kuma ba wani magajin, kaso shida ne: biyu-biyu ga maza, ɗai-ɗai gare ku. A kai gwal ɗin wajen masu saye a auna shi a gaban wakilin kowa, a san giram nawa ne da kuɗinsa a ranar. In duka kun amince a ba Auta, alhamdu lillahi, a rubuta kowa ya sa hannu. In ba haka ba, ke kina da ikon ba ta naki kason, ita tana da nata. Ban ji ɗuriyar Yaya Ƙarami a wasiƙarki ba, ki neme shi ki ji ra'ayinsa ba tare da kin ja shi ɓangarenki ba. In ya bar nasa, sulusi kaɗai ya rage, ana iya biyan Yaya Babba kuɗinsa ko a cike masa daga wani abin cikin gadon. In hakan ya yi nauyi, Auta ta ɗauki 'yan kunnen a cikin rabonta, a sayar da sarƙar. Ko da ɗan kunne ɗaya ta shiga ɗaki, da abin uwarta ta shiga. Wanda kuma ya ce haƙƙinsa yake so, kada a harare shi, Allah ne ya ba shi.

Yana yiwuwa ki je ki durƙusa Yaya ya ce ya ji, fuskarsa ba ta saki ba. Kada ki koma kina bin sa da ƙarin bayani kullum, yawan bayani kan yi kama da kare kai. Ki ci gaba da gaisuwar Juma'a ko bai amsa ba, ki aika yaranki gidansa yadda aka saba, ki sa shi gaba a hidimar auren Auta tunda shi ne uba yanzu. Amincewar da ta tsage da saƙo ɗaya takan ɗauki watanni kafin ta haɗe.

Kin tambaya me za ki yarda da shi a kanki. Kusan komai, ɗiyata. Ƙwaƙwalwar da ta rikita miki isnadi ɗaya ita ce ke riƙe da sunayen yara sittin a ajinki da surorin da kika haddace tun kina ƙarama. Ɗabi'a ɗaya kawai za ki ƙara. In magana ta shafi kuɗi, ko gado, ko aure, ko mutuncin wani, kafin "wallahi" ta fita ki tambayi kanki: ranar da me na je wurin, wa na tarar, ina na nufa da na fito? Da kin yi wa Alhamis ɗin nan waɗannan tambayoyin, da kin ga hoton a tsaye yake shi kaɗai, ba shiga ba fita. Ƙarfin jin cewa kin tabbata ba shi ne shaida ba, domin mai daidai da mai kuskure duk iri ɗaya suke jin sa. Abin da ya shafi dukiya kuma a rubuta tun da zafinsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma masu imani aka yi wa umarnin, ba maƙaryata ba.

In kin gama da Yaya, ki sami wata yamma ki je wajen Inna ke kaɗai, da ɗan goronta da littafi da biro. Ki ce ta ba ki labarin Alhamis ɗin tun daga safe: me Hajiya ta sha, wa ya zo dubiya, me ta ce, yaushe ta yi barci. Kada ki sa mata magana a baki, kada ki ce "ba ta ambace ni ba?" Ki bar ta ta zuba yadda ya zo mata, ke ki rubuta. A saman shafin ki sa kwanan wata, a ƙarƙashinsa ki rubuta: daga bakin Inna.